Kwanan Mota Cikin Ɗari: Ƙarfe Ba Ya Riƙe Ɗumi

Da zarar an gama ɗaure dammunan hatsi, watan Disamba ya kama, sai iskar arewa maso gabas ta sauko wa Damagaram. Hazo ya lulluɓe duwatsun Birni, rana ta fito fara fat kamar faifai, leɓɓa su tsage, dugadugai su yi faso. Tun kafin kiran assalatu za a ga ƴan gadi da masu shayi sun kewaye wuta a bakin titi, kowa ya cusa kai cikin rawani. Ƙurar nan mai shiga ido da miya, mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, can cikin ƙasar Cadi, arewa maso gabashin tabki. Iska ta kwaso ta, ta ratsa Manga da Damagaram, ta wuce Kano har bakin teku. Wannan shi ne hunturu, sanyin da ke tafe da shi kuwa shi ne ɗari.

Lokacin ɗari kuma shi ne lokacin tafiya. Hanyoyi sun bushe, kasuwannin Damargu sun cika da hatsi da bisashe, ɗan kasuwa na so ya riga wani isa Tanut. Ma'aikaci shi ma na so ya ƙare rangadinsa kafin a rufe lissafin shekara: likitan dabbobi, mai duba makarantu, ma'aikacin rijiyoyi, mai allurar rigakafi. A da, irin waɗannan mutane babbar mota suke hawa, jingim bisa kaya, ko kuwa motar biro mai direba da yaron mota. Tun da motocin hannu da aka yi ta shigowa da su ta Kwatano suka yawaita, sai wata al'ada ta samu gindin zama. Mutum ya shiga motarsa shi kaɗai, ya kama hanya bayan la'asar, inda barci ya riske shi ya ratse, ya kwantar da kujera, ya ɗaga gilasai, ya ce ai mota ɗaki ce. Wannan zato kuskure ne, kuma kuskuren da ke iya cin rai a dare guda.

Abin da ma'auni ke faɗa

Wanda ya dubi lissafin masu awon yanayi zai ce abin bai kai ya kawo ba. A birnin Zinder, cikin watan Janairu, zafin rana kan kai kusan digiri 29 ko 30, da asuba kuma ya sauka wajen 14 ko 15, wasu darare ƙasa da 10. A Agadas asubar kan sauka wajen 11 ko 12, a Bilma ƙasa da haka. A Bilma ɗin ne aka auna sanyi mafi tsanani da aka rubuta a Nijar, ranar 13 ga Janairu 1995, sa'ad da ma'auni ya faɗi digiri 2 da ƴan kai ƙasa da sifili, wato ya wuce inda ruwa ke daskarewa. Bisa tsaunin Bagzan kuwa, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, mutanen Abzin sun saba su wayi gari su tarar da ruwan kwano ya zama ƙanƙara.

Sai dai waɗannan alƙaluma a cikin gari ake ɗaukarsu, cikin akwati mai inuwa da kariya. A fili, inda ba gini ba itace, lamarin dabam yake. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, sama kuma ba girgije. Danshi da girgije su ne bargon ƙasa. In babu su, zafin da rairayi ya sha da rana sai ya tsere sama tun daga faɗuwar rana, ya yi ta raguwa har fitowarta. A wannan lokaci rana kan faɗi wajen ƙarfe 6 na yamma, ba ta fitowa sai kusan 7 na safe, ke nan dare ya haura awa 12, kuma mafi tsananin sanyinsa daf da asuba yake, sa'ad da matafiyi ya fi nisa cikin barci. In aka haɗa da iska mai kaɗawa, da yunwa, da gajiyar tuƙi, da rigar da ta jiƙe da gumin rana, digiri 8 ko 10 sun isa su galabaitar da ƙato.

Soro da mota

Magina na Birni sun daɗe da sanin maganin wannan yanayi. Katangar laka mai kauri takan sha zafin rana a hankali, ta riƙe shi, ta dinga sakinsa cikin ɗaki har gari ya waye. Shi ya sa tsohon soro ke da sanyi da bazara, da ɗumi da ɗari. Mota kishiyar haka ce. Falanki ne na ƙarfe siriri da gilashi, duk abubuwa masu saurin ɗaukar zafi da saurin zubar da shi. Awa ɗaya ko biyu bayan an kashe inji, cikin mota da wajenta sun zama ɗaya. Abin da mota ke tarewa iska ce da ƙura, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Amma ɗumi, ba ta da ko kaɗan da za ta ba mai ita.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ya bar Zinder bayan la'asar, zai je Agadas, tafiyar kusan kilomita 450. Ya wuce matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 wajen kilomita 50 daga birni, ya wuce Bakin Birji da Sabon Kafi, ya iso Tanut an yi magariba. Maimakon ya sauka, sai ya sha shayi ya ce bari ya rage hanya zuwa Adarbisnat. Tsakanin garuruwan nan biyu daji ne mai faɗi, ƙauyuka jefi-jefi. Wajen ƙarfe 11 idanu suka yi nauyi, ya ratse ya kwanta. Da farko daɗi ne, don ɗumin inji bai gama fita ba. Ƙarfe 1 ya farka ƙafafu sun yi sanyi ƙalau, domin ƙasan mota falanki ne kawai, iska na bi ta ƙarƙashinsa. Numfashinsa ya zama raɓa bisa gilashi da rufi, tana ɗigo bisa bargonsa guda ɗaya. Kujera ba ta bari ya miƙe, jini ba ya gudana sosai cikin ƙafafun da ke lanƙwashe. Ƙarfe 3 haƙora na kaɗawa. A nan ne dabara biyu za su zo masa, kowace ta fi sanyin hatsari.

Garin gudun gara

Dabara ta farko ita ce gawayi. Da wuya a sami matafiyin arewa da ba ya tafe da ɗan murhun waya na shayi da ƙullin gawayi. Sai ya hura a waje, ya jira hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja, ya shigo da shi ya ajiye tsakanin ƙafafu, ya rufe ƙofa. A ganinsa, tun da ba hayaƙi, ba laifi. To, garwashin da ba ya hayaƙi shi ma yana fitar da wata iska mai guba da masana ke kira karbon monoksid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Jinin ɗan Adam yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau 200 da wani abu, saboda haka kaɗan daga cikinta ya isa ya hana jini kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke rayuwa da shi. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala mai daɗi irin ta barci. Mai ido biyu na iya ɗauka gajiyar hanya ce. Mai barci kuwa ba ya jin kome, daga barcin ya zarce.

Wani zai ce ai a gidaje ana kwana da kaskon wuta tun kaka da kakanni. Gaskiya ne, kuma a gidajen ma yana kashe mutane in an toshe ƙofa da taga. Amma ɗakin kara da bukka suna shan iska ta ko'ina, soro kuma yana da faɗi. Iskar da ke cikin ƙaramar mota ba ta kai kashi ɗaya cikin takwas na wadda ke cikin ɗaki mai mita 3 tsawo, 3 faɗi, 3 bisa ba, ga roba a bakin kowace ƙofa da aka yi musamman don kada iska ta shiga. Abin da zai ɗauki dare guda a ɗaki, a mota ɗan lokaci kaɗan ya ishe shi.

Dabara ta biyu ita ce a tada inji a bar shi yana aiki, a kunna na'urar ɗumi, a koma barci. Hayaƙin inji yana ɗauke da wannan guba ɗin dai. A sabuwar mota mai lafiya, bututun hayaƙi na fitar da shi ta baya. A tsohuwar motar da ta sha ramuka da walda, bututun kan tsage a ƙarƙashin kujeru, falankin ƙasa kan rube, sai hayaƙin ya dinga sulalowa ciki. In motar ta kafe ne cikin rairayi har bakin bututun ya nutse, ko iska na turo hayaƙin ƙarƙashinta, hatsarin ya ninka. Bayan haka, injin da ke aiki a tsaye yana shan kusan lita guda a awa. Wanda ya bar shi dare guda yana iya wayar gari da man da ba zai kai shi gidan mai na gaba ba. Wannan shi ne garin gudun gara a faɗa gidan zago.

Shi kansa sanyin, in ya yi yawa, yana da tasa hanyar yaudara. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, jiki ya shiga hatsari: makyarkyata mai tsanani, yatsu su kasa riƙe makulli, harshe ya yi nauyi. In ya ƙara sauka wajen 32, makyarkyatar sai ta tsaya, hankali ya rikice, mutum ya ji kamar ya samu sauƙi, wani har ya tuɓe riga. Abin lura a nan shi ne, gubar gawayi da sanyi mai tsanani duk ƙwaƙwalwa suke fara kamawa, wato su ɗauke hankalin da mutum zai ceci kansa da shi. Abokin tafiya ne ke ganin magana ta karkace, ya buɗe ƙofa, ya jawo mutum waje. Wanda ke shi kaɗai ba shi da mai yi masa wannan.

Darasin ayari

Hanyar nan ta Agadas zuwa Damagaram ba yau aka fara bin ta cikin ɗari ba. Ayarin gishiri kan tashi daga Abzin wajen watan Oktoba zuwa Fashi da Bilma, ya komo da kantu da dabino, sa'an nan ya gangaro kudu cikin tsakiyar sanyi, ya ratsa Damargu zuwa Zinder da Kano. Unguwar Zango ma daga nan ta samo sunanta: wurin saukar ayari ne a bayan ganuwar Birni, wadda aka gina zamanin Sarki Tanimun. Mutanen nan ba su da falanki ba su da gilashi, amma suna da tsari. Madugu ke zaɓen wurin kwana tun da sauran rana. A gurfanar da raƙuma, a jera kaya ta gefen da iska ke fitowa su zama katanga, a hura wuta a fili inda gubarta ke bin iska, a ci abu mai zafi, a shimfiɗa buzu ko tabarma a ƙasa, a kwanta kusa da juna, kai da baki cikin rawani. Sama da duka, ana ƙidaya mutane. In wani bai iso ba, an sani tun kafin wuta ta mutu. Malamai ma sun sha faɗa cewa addini ya ƙi mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai.

Turawan da suka fara ratsa wannan ƙasa cikin tsarin nan suka shiga. Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, tare da abokansa Richardson da Overweg, ayarin gishirin Kel Ewey suka biyo daga Abzin a watan Disamba 1850, suka iso Damargu a Janairu 1851, kafin kowa ya kama gabansa. Richardson ya nufo Zinder, shi kuwa Barth bai ga birnin ba sai Disamba 1852. Sau ɗaya da Barth ya ware daga ayari, a watan Yuli 1850, don ya hau dutsen Idinen kusa da Gat, ɓata ya yi, ƙishirwa ta kusa kashe shi, sai da wani Buzu ya bi sawunsa ya tsinto shi.

Da mota ta zo, masu hankali ba su yar da tsarin ba. Tawagar kamfanin Citroën da ta taso daga Aljeriya a Oktoba 1924, ta biyo ta Yamai da Zinder, wanda a lokacin shi ne babban birnin mulkin mallaka, zuwa tabkin Cadi, motoci takwas ne a jere, da makanikai da kayan gyara. Samarin Turai da suka riƙa koro tsofaffin Peugeot 404 da 504 ta hamada a shekarun 1970 da 1980 don su sayar a Arlit, Agadas ko Zinder, cikin motocin suke kwana, amma galibinsu sukan haɗu rukuni-rukuni a Tamanrasset kafin su tunkari Asamaka, kuma daga cikin waɗanda suka ware akwai waɗanda ba a sake gani da rai ba. Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro tseren Paris-Dakar a ƙarshen 1978, shi kansa ya ɓata bisa babur cikin hamada a 1977, sai da aka neme shi ta jirgin sama. Mark Thatcher, ɗan firaministar Ingila ta lokacin, kwana shida ya yi a ɓace cikin hamadar Aljeriya a Janairu 1982, kafin jirgin soja ya hango motarsa. Dukansu biyu an neme su ne domin sunayensu na cikin takarda, kuma akwai mai duba takardar kowane dare. Mutanen Damagaram kuma ba su manta da Oktoba 2013 ba, sa'ad da aka tsinci gawarwakin mutum 92, galibinsu mata da yara ƴan yankin Kance, a arewacin Arlit, bayan motocinsu sun lalace nesa da idon jama'a. Su ƙishirwa ce ta kashe su, amma mafarin abin ɗaya ne: mota ta tsaya inda ba mai gani.

A Turai da Amurka da Kanada akwai masu fita su kwana su kaɗai cikin mota a tsakiyar ƙanƙara don sha'awa, kuma hotunansu na yawo cikin wayoyin samari. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne jakar barci da aka ɗinka don sanyin da ya wuce daskarewar ruwa, da katifa mai hana sanyin ƙasa, da marufin kowane gilashi, da ƴar na'ura mai ƙara da zarar ta shaƙi guba, da kuma masu ceto da ke iya isowa cikin awa guda. Wanda ke tsakanin Gure da Taskar, ko a gindin duwatsun Termit, inda waya kan rasa layi, ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan.

Abin da ke tura mutane

Adalci ne a faɗi cewa mafi yawan masu kwanan mota a wannan ƙasa ba don nishaɗi suke yi ba. Ma'aikaci an ba shi takardar aike, kuɗin misiyo kuwa an ce sai ya komo. In ya biya masauki, daga bakin iyalinsa ya cira. Ɗan kasuwa na ɗauke da kuɗin sayen bisashe ko kaya cike da bayan mota, yana ganin in ya yi nisa da su ba zai iya runtsawa ba. Wani kunya ce ke hana shi: mai babbar riga da katkat ba ya so a gan shi yana sallama a zauren maigari yana neman wurin kwana. Wani kuma lissafin lokaci ne, yana so kasuwa ta ci da shi a wurin. Duk waɗannan dalilai ne na gaske. Sai dai in aka aza su bisa sikeli da rai, ba su da nauyi, kuma mai tsoron ɓarawo ya kamata ya tuna cewa mota guda a tsaye cikin daji da dare ita ce ta fi jan idon mugu. Hanyar arewa ta ga tawaye daga 1990 zuwa sulhun 24 ga Afrilu 1995, ta sake gani daga 2007 zuwa 2009. Gabas kuma, an kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa a Fabrairu 2015, saboda hare-haren Boko Haram. Kafin a kama kowace hanya, tambayar jandarma da direbobin tasha halin da take ciki wajibi ne, matambayi kuwa ba ya ɓata.

In kwanan ya zama dole

Akwai ranar da ba makawa: taya biyu sun fashe, ko inji ya ƙi, ko hazo ya yi kauri har ba a ganin gaba. Don irin wannan rana, ga abin da ya kamata matafiyi ya riƙe.

Na farko, tun daga gida wani ya san hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isa, kuma ya san wanda zai gaya wa in lokacin ya wuce. A tashi da safe, a ƙudura wurin kwana tun da rana, yadda madugu ke yi. In ana iya kaiwa shingen jandarma, ko inda manyan motoci ke kwana, ko bakin masallacin wani ƙauye, can ne wurin tsayawa.

Na biyu, in daji ne, a kauce wa kwalta sosai don kada babbar mota ta hau mutum cikin hazo, amma kada a yi nisan da ba za a hango motar da safe ba. Kada a sauka cikin kwari ko ƙorama, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, can take taruwa. A juya gaban mota ya fuskanci inda iska ke fitowa, don ta kwashe hayaƙi ta baya.

Na uku, a ci abinci kafin a kwanta, domin jiki da abinci yake yin ɗumi: dabino, gyaɗa, ƙuliƙuli, kilishi, gari da sukari. A sha ruwa ko ba a jin ƙishirwa, busasshiyar iska na tsotse jiki ba a sani ba. Shayi a dafa shi a waje, a kashe garwashin a waje, a bar murhun a waje. Mai son ɗumi cikin bargo ya cika gora da ruwan zafi, ya rufe ta da kyau, ya naɗe da tsumma, ya sa a ƙirji ko tsakanin cinyoyi. Giya da ƙwayar tramol suna sa a ji kamar sanyi ya tafi, alhali giya buɗe jijiyoyin fata take yi zafin jiki ya tsere, ƙwayar kuma ta dushe hankalin da zai tada mutum.

Na huɗu, a cire rigar da ta sha gumi, a sa busassu biyu ko uku masu sakin jiki, domin iskar da ke tsakanin riga da riga ita ce ke riƙe ɗumi. Safa busasshiya, rawani ko hular sanyi, bargo ɗaya a ƙasa ɗaya a bisa, in da buzun sallah a shimfiɗa shi ƙarƙashin ƙafafu. A tare gilasai daga ciki da kwali ko tabarma. A bar gilashi ɗaya a sauke kamar faɗin yatsa biyu, ta gefen da iska ba ta bugowa. Wannan ƴar kafa ita ke fitar da danshin numfashi, bargo ya kwana a bushe.

Na biyar, in sanyi ya kai a tada inji, ƙa'idar da hukumomin ƙasashen ƙanƙara ke ba direbobinsu ita ce minti 10 a kowace awa, mutum na zaune ido biyu, gilashi a sauke kaɗan, bayan ya fita ya duba bakin bututun hayaƙi ba a toshe yake ba. Da ciwon kai ko jiri ya fara, a kashe, a fita. Ba a barci inji na aiki. A kashe fitilu da rediyo, don sanyi na rage ƙarfin batir, waya kuma a sa ta cikin aljihun ciki kusa da jiki. In motar lalacewa ta yi, kada a bar ta a kama tafiyar ƙasa cikin dare. Mai nema ya fi saurin ganin mota bisa ga mutum.

Wanda kuma ya tarar da mota a tsaye da sassafe, gilasai a rufe sun yi raɓa, kada ya wuce yana cewa ba ruwansa. Ya ƙwanƙwasa. In ba a amsa ba, ya nemi hanyar buɗewa, ya fitar da mutumin ga iska, a garzaya da shi likita mafi kusa, inda za a sa masa oksijin. In sanyi ne ya kama shi, a ɗauke shi a hankali, a lulluɓe ƙirji da kai tukuna, kada a murza masa hannuwa da ƙafafu, kada a kanga shi ga wuta mai ci, kuma kada a ɗura masa kome sai yana cikin hankalinsa yana iya haɗiya.

Sauran aikin na manya ne. Shugaban biro da ke sa hannu bisa takardar aike cikin Disamba da Janairu ya dace ya tabbata an biya guzuri kafin tashi, an kuma haɗa ma'aikacin da abokin tafiya; haɗa rangadi biyu cikin mota ɗaya ma rage kashe mai ne. Hukumomin garuruwan da ke bisa hanya su gyara ɗakunan baƙinsu, ko tabarma da bargo ne kawai a ciki. Ƴan kasuwa kuwa suna da gadon da ba sai an koya musu ba: kakanninsu kowane gari suna da fatoma, mai ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya san ranar zuwansu. Wanda ke bin hanyar Tanut ko ta Gure sau biyu a wata bai kamata a ce ba shi da zaure ɗaya da zai yi sallama a buɗe masa ba. Ɗari zai ci gaba har cikin Fabrairu. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya.